Fim ɗin da Na Kai wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ranar da na hau mashin, na shiga kwalekwale, na jiƙa wandona har gwiwa, duk don in je in yi wa surukina habaici a gaban abokansa. Ba da bakina na yi ba, fim ne ya yi mini aikin, kuma Allah ya sani ban san abin da ke cikinsa ba. Sai dai a ƙauyen surukin nawa har gobe babu mai sauraron wannan bayanin, ni ma na gaji da yin sa.

Matata Zulai ta haihu a farkon damina, haihuwar fari, aka samu 'ya mace. Washegarin suna aka ɗauke ta zuwa gidan iyayenta wankan jego kamar yadda aka saba, a wani ƙauye da ke bayan Auyo, can cikin fadama inda shinkafa da ruwa suka fi mutane yawa. Na ce wa masu yi mini jaje ai ba komai, kwana arba'in ne kawai, kamar yau ne. (Lokacin da na yi wannan cika bakin akwai sauran naman suna a kwano.) Aka bar ni a Haɗejiya da ɗaki biyu da tarin tukwane.

Arba'in ta zo ta wuce, shiru. Da farko aka ce ruwa ya cika, hanya ba ta biyuwa da jaririya. Na yarda, domin ni ma na ga ruwan. Daga nan aka ce yarinya na mura. Da murar ta warke aka ce Iya, wato surukata, ta ce jikin Zulai bai gama ƙwari ba, a ƙara mata ruwan zafi. Kafin in ankara an shiga wata na uku. Ni malamin makaranta ne, ina fita da sassafe in dawo da takardun ɗalibai a hammata, in tarar da gida yadda na bar shi, ko ƙuda bai gyara zama ba. Safe shayi, rana garau-garau, dare taliyar yara. Mai shayin unguwarmu har ya daina tambayata me za a ba ni, yana hango ni sai ya fasa ƙwai. Na rame, na yi baƙi, rigunana duk sun yamutse. 'Yata kuwa a waya nake ganinta, shi ma in an samu sabis.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce me ya hana ka zuwa ka ce a ba ka matarka? To, ba a yin haka. Suruki ba abokin hira ba ne. In ka je, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa a gefen tabarma, kanka a ƙasa. Zai tambaye ka aiki, ka ce alhamdu lillahi. Zai tambaye ka ruwan Haɗejiya, ka ce da sauƙi, ko da kuwa ya cinye maka katanga. Shi ke nan, ka tashi. Maganar mayar da mace ɗakinta ta manya ce, kuma na riga na tura baffana sau ɗaya. Ya dawo da ƙullin banda (wanda shi ya cinye abinsa) da amsa cewa ana nan ana shiri.

Surukin nawa, wanda kowa ke kira Baba, manomin shinkafa ne, a da kuma ya yi su kafin gwiwa ta hana shi. Dogo ne mai farin gemu, ba ya faɗa, ba ya dariya, kuma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Shirunsa ya fi faɗan wani ban tsoro. Abu ɗaya na san yana narkar da shi, shi ne kiɗan da. Zulai ta sha gaya mini in rediyo ya sako gurmi ko kukuma, ko tuwo ne a gabansa sai ya ajiye loma. Kiɗan yanzu kuwa cewa yake ba kiɗa ba ne, na'ura ce ke tari. Babban ɗansa da ke aiki a Kano ya saya masa talabijin mai aiki da sola, irin wadda ake soka wa filashi. Baba ya naɗe rimot ɗin a leda ya ajiye a aljihun gaba, ba mai taɓawa sai shi.

A cikin wannan hali ne wani sabon fim ya fito, aka yi ta gardama a kansa a ofishin malamai. (Ba zan faɗi sunansa ba, ko jin sa ba na son yi.) Wasu suka ce an daɗe ba a yi irinsa ba, wasu suka ce tsayinsa ya isa a shuka gero a girbe. Abin da na tsinta a cikin gardamar shi ne, labarin zamanin da ne, a bakin gulbi, kuma jarumin mai gurmi ne. Nan take wata dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwar wa mutumin da ya daɗe yana kwana da taliyar yara a ciki. Na ce tunda ba dama in roƙi Baba, bari in faranta masa. In ya ji daɗi, wataƙila ya tuna akwai wani bawan Allah a Haɗejiya.

Na tafi shagon Habu mai tura finafinai a bakin kasuwa. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah, fim ɗin nan ya cancanci a kalla? Ya ce babu rawa, babu girgiza, babu matsattsun kaya, kowa saƙi da walki, kiɗan kuma na hannu ne zalla, tsofaffin makaɗa aka ɗauko daga ƙauye. Na ce dattijo zai iya kalla? Ya ce har liman. (Daga baya na lura, tun da Habu ya buɗe shagon nan bai taɓa cewa wani fim ba shi da kyau ba.) Ya tura mini a waya, ya kuma zuba a filashi.

Don Allah kada a ce ban yi niyyar kalla ba, na yi. Na dawo daga makaranta, na yi la'asar, na kishingiɗa a tabarma na kunna. Farkon fim ɗin kuwa abin kallo ne. Ga masunta suna jan taru, ga mata na dakan shinkafa, ga kwalekwale na ratsa kainuwa, sannan gurmi ya shigo a hankali har tsigar jikina ta tashi. Na ce lallai yau Habu ya faɗi gaskiya. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne wani tsoho yana koya wa jarumin ɗaura tsirkiyar gurmi. Da na farka ana kiran magariba, wayar na kan ƙirjina, caji ya ƙare. Na ce fim ɗin da ya fara haka me zai lalata shi a gaba? Na tashi na yi alwala, ban sake bi ta kansa ba.

Ran Asabar na ɗaure tsaraba a bayan mashin, sukari da sabulu da ganyen shayi, filashin kuma a aljihu. Har Auyo lafiya lau. Daga nan hanya ta nutse, sai da aka cicciɓi mashin ɗin aka ɗora a kwalekwale, muka yi ta kurɗawa cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe rabin gulbi. Wajen sauka na zame, wando ya sha ruwa. Duk da haka murmushi nake, ina tsara yadda Baba zai kira Iya ya ce a haɗa wa yarinyar nan kayanta, mijinta ɗan albarka ne.

Na tarar da shi bayan azahar a rumfar ƙofar gida, shi da abokansa. Akwai limamin garin, akwai wasu dattawa biyu, sannan akwai Kawu Sale, ƙanen Iya, mutumin da in ya ga abu da safe, kafin azahar har kifin gulbi ya ji labari. Na tuɓe takalmi na durƙusa, aka yi barka dai da barka dai. Na miƙa tsaraba ta hannun Kawu. Da na fito da filashin, abin da ya kamata in yi shi ne in ce ga wannan ma, in ja bakina in yi shiru. Tun da na zama surukin gidan nan ban taɓa wuce gaisuwa a gaban Baba ba. Ran nan ban san me ya taka ni ba, baki ya buɗe.

"Baba, wani fim ne na zamanin da, na masu gurmi. Na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ina gamawa na ce wannan babu wanda ya kamata ya gani sai Baba. Shi ya sa ban ba da saƙo ba, na ce sai na kawo da hannuna."

Baba ya ce madalla. Da a nan aka tsaya da na tsira. Sai Kawu Sale ya ce abin da aka taso tun daga Haɗejiya dominsa ai bai kamata ya kwana ba, a fito da talabijin yanzu kowa ya shaida. Aka fito da ita aka ɗora a kan turmi, aka jawo waya. Mata suka taru a bayan zana suna leƙe, har na jiyo kukan 'yata. Na yunƙura zan shiga ciki in gaida Iya in ga iyalina, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Zauna, Malam. Kai ka san hanya, in mun ɓace ka nuna mana."

Na koma na zauna a bakin tabarma, kusa da takalma.

Farkon abin ni ne gwani. Gurmi na shigowa na ga babban yatsan ƙafar Baba ya fara motsi. Can ya ce wa liman wannan kiɗan masunta ne na ainihi, rabonsa da jin sa tun yana yaro, lokacin da ake tare a bakin ruwa ana jiran kifi ya hau. Ya yaba tarun, ya yaba yadda aka riƙe filafili, ya ce yaran nan sun yi tambaya kafin su yi. A rayuwata ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo haka ba. Kaina ya kumbura. Na gyara zama, na manta da jiƙaƙƙen wando, na ce, "Ai gaba ma ya fi daɗi, Baba." Daidai lokacin tsohon nan yana koya wa jarumi ɗaura tsirkiya, wato daidai inda ilimina ya ƙare.

Abin da ya biyo baya soyayya ce. Habu bai yi ƙarya ba, babu rawa, amma akwai zama a kan kifaffen kwalekwale ana kallon juna. Mai gurmi ya ga wata yarinya ta zo ɗiban ruwa, daga nan aka shiga ke ce numfashina, kai ne inuwata, har na fara tunanin ko mutanen da ba su da aikin yi. Kallon irin wannan kai kaɗai ma akwai nauyi, balle kana durƙushe a gaban uban matarka. Liman ya ciro carbi. Dattawan nan biyu suka shiga hirar tsuntsayen da ke cin shinkafa, da ƙarfin da ya wuce kima. Ni kuma na ƙura wa takalmin wani ido har na haddace ɗinkinsa. Da aka ɗaura musu aure na yi ajiyar zuciya, na ɗauka an zo ƙarshe, ashe ko rabi ba a kai ba.

Amarya ta haihu. Aka ɗauke ta zuwa gidan ubanta wankan jego. A nan na fara shan jinin jikina. Uban nata a fim ɗin dogo ne, mai farin gemu, manomin shinkafa. Yana nadamar ba wa makaɗi 'yarsa, saboda haka da arba'in ta cika sai ya ƙi mayar da ita. Mai gurmi ya turo baffansa. Uban yarinyar ya gyara malfa ya ce ruwa ya cika, hanya ba ta biyuwa da jariri. Wallahi haka ya ce. Na saci kallon ƙafar Baba, yatsan ya tsaya. Kawu Sale ya yi wani ɗan tari wanda ba na mura ba ne.

A wajenmu babu waƙar da ke zuwa ƙofar gida haka kawai. In mace ta rera waƙa tana daka, maƙwabciya ta san da ita ake. In mutum ya ƙure rediyo a daidai wani baiti, na kusa da shi ya fahimta. Abin da kunya ta hana baki faɗa, waƙa ake ɗora wa. To ga yaro da aka riƙe wa mata, ya ƙetaro ruwa da fim a aljihu, ya ce ya kalla har ƙarshe, ya ce ba wanda ya kamata ya gani sai Baba. Ko ni ne a zaune a wurinsu, abin da zan fahimta ke nan.

Na shiga neman mafita. In na ce a kashe, na nuna na san abin da ke tafe. In na tashi, za a ce na isar da saƙo na gudu. In na ce ban kalla ba, na zama maƙaryaci a gaban liman. Rimot kuma na hannun Baba. Sai na koma addu'a Allah ya sa batirin sola ya mutu, batirin da Zulai ke cewa kullum sai ya mutu a tsakiyar labarai. Ran nan rana ta buɗe tun safe, ya sha caji ya ƙoshi. Da lokacin la'asar ya yi, Baba ya tsayar da fim aka tashi. Na yi sallar nan da natsuwar da ban taɓa yi ba, ina fatan daga masallaci kowa ya kama gabansa. Ana sallamewa suka dawo gaba ɗaya, har da ƙarin mutane. Baba da kansa ya danna aka ci gaba.

Mai gurmi ya gaji da aike. Ranar kasuwa ya rataya gurminsa ya tsaya a bakin fito, inda kowa ke sauka, ya saki zambo:

"Mai farin gemu, barka da hutawa,
Ka ba da 'ya ka riƙe igiya.
Murhuna ya yi sanyi, gizo ya yi saƙa,
Kai kana tuwo da miya biyu."

'Yan amshi kuma suka karɓa, "Sako ta, Baba, sako ta."

Abin takaicin, waƙar ta yi daɗi. Da mummuna ce da an yi tsaki an wuce. Amma irin waƙar nan ce da ke shiga kunne ta yi shimfiɗa, har na kama ɗaya daga cikin dattawan yana gyaɗa kai kafin ya tuna inda yake. A bayan zana wata mace ta tuntsire da dariya, aka ji an toshe mata baki. Gumi ya wanke ni, wandon da ya fara bushewa ya sake jiƙewa daga sama. Sai Kawu Sale ya juyo a hankali, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malam, wannan ne gaban da ka ce ya fi daɗi?"

Na ce wallahi Kawu ban kawo nan ba, barci ya ɗauke ni tun wajen tsirkiya. Liman ya dakatar da carbi, ya tambaye ni cikin tausasawa, ba ɗazu na ce na kalla daga farko har ƙarshe ba? Abu biyu ya rage mini, ko in zama mara kunya ko in zama maƙaryaci, kuma na ga alamar jama'a sun haɗa mini duka biyun. Na sunkuyar da kai ina jin zafin kunnuwana.

Baba bai kashe ba, bai kalle ni ba, ya zauna ya kalli abin nan har ƙarshe, ni kuma ina durƙushe ina tsufa. A fim ɗin waƙa ta cika gari, masu daka na yi, masu fito na yi, har tsoho ya kasa fita masallaci. Ƙarshe ya ɗauki 'yarsa da jikansa a kwalekwale ya kai su da kansa, ya ba mai gurmi haƙuri a gaban jama'a. Sunaye suka fara hawa. Baba ya kashe, ya naɗe rimot a ledarsa ya mayar aljihu, sannan ya yi magana, ba da ni ba, da liman.

"Kiɗan ya yi. Amma uban yarinyar nan rago ne. Waƙa ɗaya ta ɗaga shi."

Sai ya juyo gefena ya ce Malam, rana ta yi sanyi, mai fito ba ya kai magariba, in gaida mutanen Haɗejiya. Haka na sa takalmi na juya. Ban ga Zulai ba, ban ga 'yata ba, ko ruwan gidan ban sha ba.

Washegari da hantsi Zulai ta kira. Na shirya wa faɗa, amma muryar gajiya na ji, wadda ta fi faɗan ciwo. Ta tambaye ni wa ya aike ni. Na fara bayanin Habu da barci da caji, ta katse ni. Ta ce tun ran Alhamis kayanta suke a ɗaure. Iya ta gama haɗa gara, ga shinkafa, ga banda, ga man shanu, ga yaji. Baba ya riga ya yi magana da mai kwalekwale, ran Litinin za a kawo ta. Ba a gaya mini ba ne saboda Iya ta ce a bari sai an tabbatar da hanya.

"Jiya kana tafiya ya ce a kwance kayan. Ya ce in ya sake ni a satin nan, garin nan kaf za a ce waƙa aka kawo daga Haɗejiya ta ɗaga shi. Sai an manta tukuna."

Na ce yaushe za a manta? Sai ta ɗaga wayar sama. Daga can na jiyo luguden taɓare a maƙwabta, da muryoyin mata suna sako ta Baba sako ta. Ashe Kawu Sale ya sa an zuba masa fim ɗin a waya, ya raba wa rabin gari. Na zauna a bakin gado. Ban yi kuka ba, amma da akwai mai rarrashi a gidan da na yi.

Na sake tura baffana ya ba da haƙuri, ya rantse a madadina cewa ban san abin da ke ciki ba. Amsar da ya dawo da ita har yau ban san ko murna zan yi da ita ba. Baba ya ce shi bai yi fushi ba, tun a rumfa ya gane ba da gangan ba ne, domin ya san Malam ba shi da wayon da zai shirya habaici irin wannan. Amma shi ya sani, gari bai sani ba, kuma da gari yake zaune. Saboda haka in ƙara haƙuri.

Malaman ofishinmu, da ba su san wainar da ake toyawa ba, suka ci gaba da tambayata, ya fim ɗin, a kalla ko a bari? Zafin da nake ji bai hana ni faɗin gaskiya ba, na ce a kalla. Kiɗan na gaske ne, tsofaffin makaɗan nan sun yi abin da za a daɗe ba a ji irinsa ba, kuma an nuna zaman bakin gulbi yadda kakanninmu ke ba da labari. Soyayyar dai ta yi tsayi, ana iya tashi a yi alwala a dawo ba a rasa komai ba. Akwai inda falwayar lantarki ta leƙo a bayan jarumi, a zamanin da ko ashana babu, kuma jan bakin jarumar ya fi ƙarfin mai zuwa ɗiban ruwa. Amma waƙar zambon nan kaɗai ta isa a zauna dominta. Na dai ƙara musu da cewa kowa ya kalla a ɗakinsa, ya kuma duba waɗanda ke zaune kusa da shi kafin ya kunna.

Sai da aka yanke shinkafa aka buge, ruwa ya janye har mota na shiga ƙauyen, wata sabuwar waƙar biki ta zo ta ture waccan, sannan aka kawo mini iyalina. Na share gida, na yi aski, na sa sabuwar riga na tsaya a ƙofa. Zulai ta miƙo mini 'yata. Ta yi ɓulɓul, har ta fara koyon zama. Ta ɗaga kai ta dube ni da kyau, ta nemi fuskar nan a cikin waɗanda ta sani ba ta samu ba, sai ta callara kuka tana miƙa hannu wajen Kawu Sale, wanda shi ya rako su. Ya karɓe ta, ta yi tsit. Ni kuma na koma ɗaukar buhun shinkafa, don kada a ga fuskata.

Tun daga nan, duk abin da ban gani har ƙarshensa ba, ba na yabonsa a gaban manya, ko da wa'azi ne. In zan je gaida Baba kuwa, goro kawai nake kaiwa, shi ma sai na ɓare na duba cikinsa.